Baiwar Ruhu da Riƙon Amana: Abin da Kiristan Kudancin Nijar Suke Nufi da Hidima

Duk wanda ya san ƙasar Kance, tun daga Icirnawa zuwa Matameye, har Ɗan Barto inda hanya take ƙetare iyaka ta nufi Daura da Kano, ya san ƙasa ce ta Musulmi manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, da masu rake a fadamu, waɗanda galibinsu tun da aka haife su ba su taɓa sa ƙafa cikin majami'a ba, ba su kuwa da wata hujja da za ta kai su. Ƙidayar jama'ar da aka yi a Nijar a 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar baki ɗaya. Amma duk da ƙarancin nan nasu, sunan asibitocinsu na Galmi da Danja ba baƙo ba ne a kunnen talakan Damagaram da na Maraɗi, domin shekara da shekaru ke nan, idan ciwo ya ci tura, ya gagari boka ya gagari asibitin kusa, akan sami wani cikin dangi ya ce a gwada can. Jama'a sun san aikin, sun kuma amfana da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne aƙidar da ta haife shi, wadda Kirista suke kira baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, da kuma sharaɗin da addininsu ya gindaya wa duk wanda aka ba baiwa, wato riƙon amana. Wannan mas'ala ce za mu warware, domin maƙwabci ya san abin da maƙwabcinsa yake nufi idan ya ce yana hidima.

Tushen aƙidar

Kirista sun yi imani cewa duk wanda ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, namiji ko mace, malami ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, Ruhu Mai Tsarki yakan ba shi wata baiwa ta musamman, wadda bai saya ba, bai gada ba, bai kuma same ta da ƙoƙarin kansa ba, a bisa sharaɗin ya yi wa jama'ar masu bi, wato ikilisiya, aiki da ita, ya kuma amfani mutane gaba ɗaya. Wuraren da malamansu suka fi kafa hujja da su huɗu ne cikin Sabon Alkawari: wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa daga sura ta 12 zuwa ta 14, da wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura ta 12, da ta Afisawa sura ta 4, sai kuma wasiƙar Manzo Bitrus ta fari sura ta 4. A ta Korintiyawa an lasafta baiwa tara a jere, cikinsu akwai hikima da ilimi da bangaskiya da warkarwa da mu'ujizai da annabci da rarrabe ruhohi da magana da harsuna da fassararsu. A ta Romawa kuwa bakwai aka kawo, galibinsu irin waɗanda ido ba ya ɗauka da girma, gama ban da annabci, sauran su ne hidima da koyarwa da ƙarfafa zuciya da bayarwa da shugabanci da jinƙai.

Da yake jerin nan ba su zo daidai da juna ba, malamai da yawa sun tafi a kan cewa ba a yi nufin ƙayyade adadi ba, misalai ne kurum aka bayar; har sukan jawo labarin Bezalel cikin littafin Fitowa, wanda aka ce an cika shi da Ruhun Allah domin ya ƙware a aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa, su ce ashe gwanintar hannu ma tana cikin lissafi. Mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda tun 2001 suke da bishop a Maraɗi mai kula da su har Damagaram da Difa da Agadas da Tawa, suna da wani jerin na bakwai da suka ciro daga littafin Annabi Ishaya sura ta 11, suna koya wa matasansu shi.

Ya kamata a san sababin da ya sa Bulus ya tsawaita bayani haka, gama a nan ne fa'idar take. Korinti birni ne na fatake da matuƙan jirgin ruwa a ƙasar Girka, kuma wajen shekara ta 55 bayan haihuwar Almasihu husuma ta shiga ƙaramar jama'ar masu bi da ke cikinsa, har ta kai waɗanda suke magana da harsuna suna ganin sun fi kowa daraja, taron sujada ya koma hayaniya, kowa yana so muryarsa ta danne ta ɗan'uwansa. Sai ya rubuto musu daga Afisa, ya siffanta su da jiki guda mai gaɓoɓi da yawa, wanda babu gaɓar da ta isa ta wadatu da kanta a cikinsa, ya kuma kafa musu ƙa'ida a fili: masu magana da harsuna kada su wuce biyu ko uku, su yi bi da bi, in babu mai fassara su yi shiru, masu annabci kuma idan sun faɗi, sauran jama'a su auna abin da suka faɗa. A tsakiyar wannan bayani ne ya saka sura ta 13, wadda gaba ɗayanta a kan ƙauna take, inda ya yanke hukunci cewa kowace irin baiwa, kome girmanta, idan babu ƙauna a tare da ita aikin banza ce. Daga nan za a gane cewa tun ranar farko ba a taɓa yin zancen baiwa ba sai tare da zancen ladabinta.

Hanyoyi uku na cin amana

Mutumin karkara ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya fahimci matsayin mai baiwa, domin ya san hukuncin wanda aka ba shanun mutane kiwo: nono halalinsa ne ya sha, amma saniya ba tasa ba ce, ba shi da ikon kai ta kasuwa, ba shi da ikon barinta ta rame a turke, kuma akwai ranar da mai dukiya zai zo ya ƙirga. Bitrus da Bulus duka biyu sun kira mai baiwa wakili, wanda abin da ake nema a wurinsa shi ne aminci. Idan kuwa aka bi koyarwar malaman Kirista, za a tarar ha'incin wakili yakan zo ta hanya uku.

Ta farko ita ce binnewa. Cikin Linjilar Matiyu sura ta 25 akwai misalin attajirin da zai yi tafiya, ya raba wa barorinsa uku dukiya gwargwadon ƙarfin kowa, wani talanti biyar, wani biyu, wani ɗaya; biyun farko suka juya suka ninka, na ukun ya haƙa rami ya ɓoye saboda tsoro. Abin lura shi ne, mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, alhali ribarsu ba ɗaya ba ce, wanda ya ɓoye kuwa aka hukunta shi ko da yake bai ci ko anini ba. Saboda haka a wurinsu wanda ya iya koyarwa ya ƙi, ko wanda ya san magani ya noƙe, ko da ya kira abin da ya yi tawali'u, ya ci amana.

Ta biyu ita ce sayarwa. Cikin Ayyukan Manzanni sura ta 8 an ba da labarin Siman, wani mai sihiri na Samariya, wanda ya ga abin da yake faruwa idan manzanni suka ɗora wa mutane hannu, ya ciro kuɗi ya ce a sayar masa da wannan iko, Bitrus ya tsawata masa tsawa mai tsanani. A Tsohon Alkawari kuma akwai Annabi Elisha, wanda ya ƙi karɓar ko ƙwayar tukuici daga Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, bayan ya warke daga kuturta, amma baransa Gehazi ya bi shi a ɓoye ya karɓa da ƙarya, sakamakonsa ya zama cutar ta koma kansa.

Ta uku, wadda ta fi sauran wuyar ganewa domin a zuci take, ita ce riya da ujubu, wato mutum ya yi aikin domin a gani a yaba, ko ya ɗauka falalar da aka yi masa ta ɗaukaka shi bisa 'yan'uwansa. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙon zance ba, gama malamansa ma sun daɗe suna gargaɗi cewa aiki ba ya karɓuwa sai da ikhlasi, kuma ilimin da aka ɓoye ko aka mayar abin alfahari hujja ne a kan mai shi ranar hisabi.

Yadda abin ya sauka ƙasar Hausa

A 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada da Thomas Kent daga Amurka, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasashen Sudan domin aikin bishara. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare biyu sun riga mu gidan gaskiya, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan mafari ne ƙungiyar mishan ta SIM ta tsiro. Cikin waɗanda suka biyo baya akwai Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto, wanda ya rabu da dukiyarsa ya zo a 1902, Hausawa suka laƙaba masa Bature Mai Magani, ya kuwa zauna a Nijeriya har ajalinsa a 1948. A ɓangaren ƙungiyar CMS ta Ingila akwai Likita Walter Miller, wanda yana cikin ayarin da ya isa Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna Zariya. Shi aikin likita ya koya, amma da tafiya ta yi nisa sai ta bayyana cewa abin da aka fi ba shi shi ne harshe, ya kuwa bi abin da aka ba shi, ya duƙufa a kan fassara tare da malamai Hausawa da waɗansu abokan aiki, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Malaman Kirista sukan ce sharaɗin farko na aminci shi ne mutum ya yarda da baiwar da aka ba shi, ko da ta saɓa wa wadda ya yi tsammani.

A Nijar SIM ta fara zama a birnin Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta buɗe Tsibiri ta Gobir kusa da Maraɗi, sannan waɗansu wurare, cikinsu har da Dungas a kudancin Damagaram, inda Abba Musa, ɗaya daga cikin mutanen ƙasar na farko da suka karɓi addinin, ya yi shekaru yana aikin bishara. Waɗanda suka tuba ta hanyar wa'azi ba su taɓa yawa ba. Abin da ya kafu ya yi jijiya shi ne aikin jinya. A 1950 Likita Burt Long da matarsa suka buɗe asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, a 1956 aka kafa gidan kutare na Danja kudu da Maraɗi, a 2012 kuma aka ƙara masa sashen mata masu yoyon fitsari.

Wanda yake so ya ga abin da ake kira baiwar jinƙai da idonsa, sai ya dubi aikin masu kula da kutare. Magungunan zamani sukan kashe ƙwayar cutar cikin wata shida zuwa shekara, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, saboda haka mutum yakan taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, sai gyambo ya buɗe, ya ci nama ya kai ƙashi. Maganin wannan ba ya wuce haƙuri: kowace rana a jiƙa ƙafa cikin ruwa, a kankare kantar da ta yi tauri, a shafa mai, a duba tsakanin yatsu ko akwai tsaga, a wanke gyambo a ɗaure, baduku kuma ya ɗinka takalmi mai laushin ciki daidai da siffar ƙafar da ta lalace, sannan a koya wa majinyaci ya riƙa yi wa kansa idan ya koma ƙauye. Wanda ya durƙusa ya riƙe ƙafar da dangin mai ita suke ƙyamar kallo, yau da gobe, shekara da shekaru, ba a jin sunansa a rediyo, amma bisa ma'aunin wasiƙar Romawa darajarsa ba ta gaza ta mai wa'azi ba.

Kututture da gawo

Misalin da ya fi kusa da manomin Icirnawa na itace ne. A 1981 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a ƙarƙashin SIM domin dashen itatuwa, a zamanin da fari da sara suka bar gonaki fayau, iska tana binne shuka da rairayi. Ya dasa ya dasa, mafi yawan dashen suna mutuwa saboda zafi da gara da awaki, har ya kai gaɓar fid da rai. Shi da bakinsa yakan ba da labari cewa a 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya domin mota ta iya ratsa rairayi, ya yi addu'a yana roƙon a buɗe masa ido, sai hankalinsa ya kai ga wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare, wanda saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman Maraɗi suke kira sassabin zamani, ba ta bukatar kuɗi ko rijiya. Idan manomi ya zo sharar gona kafin damina, maimakon ya sare duk tohon kalgo ko sabara ko gawo ya ƙone, sai ya zaɓi rassa kaɗan mafi ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, ya datse sauran da lauje ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage, ya rage ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawo, sannan ya tsare su daga dabbobi. Da yake tsohuwar saiwa ce take ciyar da su, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Da fari mutane sun yi masa dariya. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka masu yawa, da rabon ya ƙare akasarin manoma suka sare abin da suka bari, amma waɗanda suka ga amfanin itacen girki da harawa da taki suka ci gaba, maƙwabta suka kwaikwaya. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

A nan kuwa wajibi ne a yi adalci. Gawon da ya rufe gonakin Matameye da Magarya da Mirya, wanda wani bincike na 2006 ya ƙiyasta faɗinsa da kimanin hekta miliyan ɗaya, galibinsa aikin manoman wurin ne da ilimin da suka gada, domin sun san tun kaka da kakanni cewa gawo yakan kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, har ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Rinaudo ma bai taɓa cewa shi ya ƙago dabarar ba. Abin da ya yi daidai da koyarwar da muka ambata shi ne, bai ɓoye abin da ya gani ba, bai sa masa farashi ba, bai tambayi addinin manomi kafin ya nuna masa ba, ya kuma yarda abin ya fita daga hannunsa ya zama na jama'a.

Inda aka yi tuntuɓe

Ba za a ce tarihin nan duka alheri ne ba. Masu tarihin da suka bi diddigin aikin mishan a Maraɗi, cikinsu har da Barbara Cooper wadda ta wallafa littafi a kansa a 2006, sun nuna cewa shekaru da yawa Turawan mishan sun fi son su koya wa mabiyansu karatun Hausa gwargwadon abin da zai ishe su karanta Littafi Mai Tsarki, suna ɗari-ɗari da koyar da Faransanci da ilimin boko mai zurfi, don tsoron kada yaran su bar aikin bishara su bi aikin gwamnati. Ko da niyyar ta kasance kyakkyawa, sakamakon shi ne an binne baiwar mutane da yawa waɗanda da sun zama likitoci da malamai da shugabanni, kuma Kiristan ƙasar sun daɗe suna jin zafin wannan. Wanda ya danne baiwar wani, laifinsa bai gaza na wanda ya binne tasa ba. Ikilisiyar 'yan ƙasa, EERN, ta tsaya da ƙafarta daidai lokacin samun mulkin kai, amma wajen ƙarshen shekarun 1980 saɓani a kan shugabanci da tafiyar da dukiya ya raba ta, abin da yake nuna cewa baiwar shugabanci ita ma tana da nata jarrabawa.

Akwai kuma saɓanin fahimta tsakanin Kirista kansu. Tun farkawar da aka yi a titin Azusa na birnin Los Angeles a 1906, a ƙarƙashin William Seymour, ɗarikun Fentikos suka bazu a duniya suna koyar da cewa magana da harsuna da warkarwa ta addu'a da annabci suna nan har yau, alhali waɗansu malaman suna ganin irin waɗannan alamu sun ƙare da zamanin manzanni, waɗansu kuma sun tsaya a tsakiya, sun yarda suna faruwa amma sai an auna. Tun shekarun 1990 irin waɗannan majami'u suka yawaita a biranen Nijar, da yawansu ta hanyar Nijeriya. Cikinsu akwai masu gaskiya da tsoron Allah, amma ba a rasa waɗanda suka mai da addu'a haja, suna sayar da mai da ruwa, suna ce wa matalauci ya shuka iri da ɗan abin da ya rage masa domin ya girbe arziki. Masu sukar wannan mafi tsanani kuwa Kirista ne 'yan'uwansu, waɗanda suke tuna musu da Siman da Gehazi.

Yadda ake gane baiwa, da wanda yake shaidarta

A ikilisiyoyin da suka riƙe tsari, ba a karɓar da'awar mutum a kan kansa. Idan saurayi ya ce yana jin an kira shi koyarwa, dattawan ikilisiya sukan ce masa, "To, ɗana, fara da yara tukuna," su ba shi ajin Lahadi, su zuba ido su ga ko yaran suna ganewa, ko yana zuwa a kan lokaci ran da babu mai kallo, ko yana karɓar gyara ba tare da fushi ba. Sai an ga haka kafin a yi zancen makarantar Littafi Mai Tsarki. Wadda aka ga tana da riƙon kuɗi a ba ta ajiyar baiko, a riƙa ƙirgawa a gaban shaidu. Hujjarsu a nan ita ce Ayyukan Manzanni sura ta 6, inda gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai waɗanda aka shaida halinsu, aka danƙa musu aikin. Mai bishara na ƙauye kuwa sau da yawa da gonarsa yake ci, ya yi huɗa da noma tare da kowa, kamar yadda Bulus ya riƙa ɗinkin tanti a Korinti domin kada ya nauyaya wa kowa.

Mafi yawan aikin da yake riƙe da ikilisiyoyin Hausa a hannun mata yake, ta ƙungiyar da ake kira Zumuntar Mata. Su ne masu zane iri ɗaya da waƙa da kiɗan tulu ranar sujada, amma wannan kaɗan ne daga aikinsu: su ne masu tara kuɗi kaɗan-kaɗan domin wadda ta haihu ko wadda mijinta ya rasu, masu dafa abincin zaman makoki, masu kwana da majinyaci a asibiti, masu sulhunta ma'aurata tun magana ba ta kai gaban fasto ba. Sukan ɗauki misali da Tabita ta birnin Yafa, wadda abin da aka tuna ta da shi bayan rasuwarta shi ne tufafin da ta ɗinka wa gwauraye.

An gwada wannan jama'a gwaji mai tsanani ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, lokacin da zanga-zangar fushi da zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona majami'u da dama, mutum 10 suka rasa rayukansu. A ranakun nan an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, an kuma ji shugabannin Kirista suna shelar gafara, asibitocinsu kuwa ba su rufe ƙofa ga kowa ba. Haƙuri a irin wannan hali, da ci gaba da yi wa mutane aiki ba tare da tambayar ɓangarensu ba, shi ne mafi nauyin abin da aƙidar take nema.

Yau rashin tsaro ya rage zirga-zirgar baƙi a ƙasar, nauyin da Turawa suka ɗauka jiya ya koma wuyan 'yan ƙasa, likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da manoma. Saboda haka jarrabawar da take gaban Kiristan Damagaram da Maraɗi ita ce ta miƙawa: ko wanda ya iya tiyata zai tsaya ya koya wa na bayansa, ko dattijon da ya daɗe a kan kujera zai ba saurayi wuri tun yana da sauran ƙarfin yi masa gyara, ko za a bar yarinya mai kaifin basira ta yi karatu har inda hankalinta ya kai. Duk mai son ya auna wanda yake da'awar baiwa, Kirista ne mai aunawar ko Musulmi, tambaya uku sun ishe shi: wa ya amfana, nawa aka karɓa, kuma mutum nawa ya koya wa. Wanda amsarsa ta yi kyau a ukun nan ya cika sharaɗin da littafinsa ya gindaya masa, maƙwabtansa kuma su ne shaidu.